Inna Ba Ta Son Akwati

A Tawa aka haife ni, a Tawa na yi lakwal, wato makarantar boko, tun daga ajin farko har na shiga jami'a, amma in aka tambaye ni garinmu, sunan wani ƙauye na kudu nake faɗa, inda ban taɓa zama ba sai lokacin hutu. Haka duk yaran majami'armu suke. Iyayenmu ma'aikata ne, malaman lakwal da ma'aikatan likita da masu aikin ruwa. Aiki ya kawo su nan ƙasar Adar, kowa kuma yana zaune kamar gobe za a ce ya koma. Babana ya yi furfura yana koyarwa a nan, har ya zama darakta, amma bai taɓa dasa itace a gidan da muke haya ba. In Mama ta kawo zancen, sai ya ce wa zai tsaya shan inuwar.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wajen mutuwa. Ba ma binne kowa a Tawa. In wani ya rasu, a likita, wato asibiti, ake gyara gawar, kafinta ya haɗa akwati, a tsaya ƙofar majami'a a yi waƙa, mota ta nufi kudu. Sauran aikin na tsofaffin can gida ne. Har na girma ban taɓa ganin kabari a buɗe ba, ban kuma san abin da ake faɗa a bakinsa ba.

Shekarar da na shiga jami'a, magana ta yi yawa a gari a kan sababbin dokoki. Ana cewa za a sake duba izinin wuraren ibada, ana cewa mai wa'azi sai da takarda, ana cewa za a tsananta wa baƙi a kan takardar zama. Ba wanda ya san iyakar gaskiyar abin a cikinmu, kowa da yadda ya ji. Dattawan ikilisiya suka zauna, Baba na cikinsu, suka yanke shawara biyu: a ƙara wa katanga tsawo, a kuma tattara duk takardun majami'a wuri guda.

Fastonmu mutumin ƙetaren iyaka ne, daga Najeriya, ya daɗe a Tawa har yaransa suna Hausa irin ta Adarawa. Ran Lahadi ya tsaya ya ce, "Ku ƙara katanga, ban hana ba. Ku haɗa takardu, hakkin hukuma ne. Amma ni takardata ta baƙo ce. Ran da aka ce in tafi, ko aka ce a rufe ɗakin nan sai an gama bincike, me ya rage muku?"

Sai ya shiga lissafa abubuwan da shi kaɗai ke yi a cikinmu, raɗin suna da ɗaurin aure da ziyarar marar lafiya da sulhu tsakanin miji da mata. Ya ce daga yau zai fara sakinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa kuma zai ɗauki mutum guda ya riƙe. Almajirtarwa ya kira abin. Ya ce ba aji yake nufi ba. A zauna tare, a ci abinci tare, abin da ka sani ka sa shi a hannun wani, shi ma ya sa a hannun na gaba.

Ni dai na ji daɗi a ɓoye. Ba na iya magana cikin mutane, ko gaisuwa ta yi tsawo sai in rasa inda zan sa idona, amma karatu kam na iya. Na ɗauka za a ba ni wata ƙaramar yarinya in riƙa yi mata darasi. Sai Fasto ya ce ya haɗa ni da Inna.

Inna ita kaɗai ce 'yar Adar ta asali a cikinmu. Tsohuwa ce siririya, mai dafa zogale tana sayarwa a ƙofar gidanta. A majami'a ba ta hawa benci, tabarmarta take shimfiɗawa can baya. An haife ta a wani ƙauye gaba da Takanamat. Tana budurwa wata doguwar cuta ta kai ta likitar mishan a kudu, can ta warke, can ta bi Almasihu, can ta yi aure. Da mijin ya rasu, ba ɗa ba jika, sai ta dawo Tawa don ta matso kusa da danginta. Kowa Inna yake ce mata, har Fasto.

Ranar da na fara zuwa, na same ta tana tsince zogale a faifai.

"Ke ce ɗiyar mushe? Wadda ba ta magana?"

"Ni ce, Inna." Mushe ake ce wa malamin lakwal a nan, haka masu gari ke kiran Baba.

"To zamna. Mi kinka kawo mini?"

Na buɗe Littafi Mai Tsarki na karanta mata wurin da na shirya, na yi bayanin da na haddace tun a hanya. Ta saurara har na gama, hannunta bai bar faifai ba.

"Karatunki da daɗi," ta ce. "Ki riƙa yi mini. Amma ba shi na roƙi Fasto ba. Ce mishi na yi shi ba ni wadda za ta wanke ni."

Na ce ai ko yanzu sai in ɗora ruwa.

Ta yi dariya har ta aje faifan. "Wankan yau ni ka yin abina. Na ƙarshe nike hwaɗi."

Sannan ta yi mini bayani a tsanake. Ita ba ta da kudun da za a kai ta. Ba ta son akwati, ta ce ita ba kaya ba ce da za a buga mata ƙusa. Tana so a kwantar da ita a ƙauyensu, cikin farin yadi, kusa da mahaifiyarta. Danginta duk Musulmi ne, suna zumunci da ita, amma ta san ranar za su rasa yadda za su yi da ita. Matan majami'a kuwa ba wadda ta taɓa sa hannu a gawa. Ta ce abin da ke hana ta barci ke nan, kada a tsaya kanta ana kallon juna.

Na koma gida na faɗa musu. Mama ta ce wannan ba aikin budurwa ba ne, Fasto bai kyauta ba. Baba kuwa ya ci gaba da gyaran takardun yaransa. Ni ma ban san dalilin da ya sa na koma wurinta ba. Ina jin don ta yi mini magana kai tsaye ne, ba ta jira in amsa da wani dogon zance ba.

A zuwa na biyu ta shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ta kwanta ta miƙe ƙafafu, ta ja zane har wuya, ta rufe ido.

"Na mutu. Fara."

Na tsaya na rasa ta inda zan fara. Ta buɗe ido ɗaya.

"In kinka daɗe haka ƙudaje za su riga ki."

Na ce, "Inna, gawa ba ta magana."

"Wagga tana yi, sai kin iya."

Haka muka yi ta yi duk ranar da ba ni da darasi. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, da ganyen magarya dakakke. Zane ba ya barin jiki, ana wanki ne daga ƙarƙashinsa, hannu naɗe da ƙyalle. A fara da dama. A tsefe kai a wanke a kama shi. A ɗaure haɓa tun jiki bai sandare ba. Ta nuna mini yadda ake juya mutum ba tare da kansa ya bugi ƙasa ba, in na yi da ƙarfi sai ta ce, "Wayyo, kin kashe ni ta biyu." Ita ta wanke mahaifiyarta, a can ta koya. Farin yadinta na cikin wata kwalla a ƙarƙashin gado, da turare a ƙulle cikin leda.

Akwai inda ta tsaya ta ja mini kunne. Ta ce alwala ta danginta ce, ban da ita. "Kada ki yi mini abin da ba nawa ba don ki faranta ma wani. Amma in matar ƙanena ta ce za ta zuba ruwa, ki ba ta kwarya. Kada ki kore ta."

Ni mai son kome ya tafi daidai ce, don haka na je na tambayi Fasto ko ganyen magarya ya halatta a gare mu. Ya ce gaskiya ba a koya musu wannan a makarantar fastoci ba. Sai ya tambaye ni wa ya halicci magarya. Na faɗa. Ya ce to je ki daka.

Wata rana Mama ta biyo ni, wai ta zo ganin abin da ake yi wa 'yarta. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallo. Da na zo juya Inna sai ta ce, "Ba haka ba, riƙe kafaɗar," ta tuɓe takalmi ta shigo. Daga ranar mu biyu muke zuwa.

Abin da za a faɗa a bakin kabari kuwa, Inna ba ta fi ni sani ba. Jana'izar Kirista guda ta taɓa tsayawa, ta mijinta, ta ce kuka bai bar ta ta ji kome ba. Sai muka shiga nema tare. Ina karanta mata wuraren da ke maganar tashin matattu, tana zaɓe kamar mai tsintar wake. In na kawo mai tsawo sai ta girgiza kai.

"Ɗiyata, ƙasarmu dutse ce. Mutane sun sha gina, rana ta dake su, sannan ki tsaishe su da karatu? Gajarta."

A ƙarshe ta tsaya a kan wani ɗan gajeren wuri. Ta ce kafin a karanta shi a gode wa waɗanda suka yi gina. Bayan an karanta kuma a faɗa musu da bakin mai rai cewa ba ta tafi da fushin kowa ba, ko na waɗanda suka daina cin abinci da ita lokacin da ta dawo. Wannan ta maimaita mini shi ya fi a ƙirga.

Bayan girbi muka je ƙauyen, ni da ita da Fasto, a motar kasuwa. Ban taɓa wuce bayan gari ta arewa ba sai ranar. Jan dutse ko'ina, gonaki a tsakankanin duwatsu, karan hatsi a tsaye, gawo ɗaya can ɗaya nan. Ƙanen Inna ya tarbe mu, dattijo mai faɗin kafaɗa da ya yi ƙuruciyarsa yana ci-rani a bakin teku. Aka kawo fura da cuku. Da aka gama gaishe-gaishe ya kai mu gefen gonarsa, inda ta yi iyaka da tsofaffin kusheyi, wato kaburbura, ya nuna wani wuri kusa da wata aduwa.

"Cikin kusheyi liman ba shi yarda, ni ma ba ni roƙo nai," ya ce wa Fasto. "Amma nan gonata ce. Ga innarmu can, jifa guda. Mu ka gina, mu ka ɗauka. Salla ba mu yi mata, ka sani. Amma ba a turbuɗe mutum shiru kamar akuya. Ku zo da naku, shi hwaɗi abin da kuke hwaɗi."

Fasto ya ce in Allah ya yarda shi da kansa zai zo.

Wannan alkawarin ne bai samu cikawa ba. Ya tafi gida duba mahaifinsa da ba shi da lafiya, yana can aka rufe iyaka. Mutane suna bi ta daji suna wucewa, amma shi ya ce ba zai shigo ƙasa ta ɓarauniyar hanya ba sannan ya tsaya gaban jama'a yana koyar da gaskiya. Kafin al'amura su lafa takardarsa ta mutu, sabuntawa kuma ta zama dogon zance.

Abin mamaki, majami'a ba ta tsaya ba. Wani ma'aikacin likita da Fasto ya riƙe shi ya ci gaba da wa'azi. Da aka yi haihuwa, aka samu mai raɗa suna. Katanga ma an gama ta, ta yi tsawo har ba a hango rufin daga titi. Abu guda ne Fasto bai sa a hannun kowa ba, tsayuwa a bakin kabari, domin tun zuwansa Tawa ba a taɓa bukatarsa ba. Da ya kira a waya shi da kansa ya ce, "Ni mai faɗa muku ku saki, ga shi na riƙe ɗaya."

Na ce wa Inna kada ta damu, na haddace, ni zan faɗa. Na daɗe ina tattara ƙarfin halin furta wannan. Ta dube ni da tausayi.

"Ke kam 'yar birni ce. A garinmu mace ba ta taka kusheyi. Ki wanke ni, ki naɗe ni, ki miƙa ni bakin zaure. Daga nan sai maza."

"To wa zai yi, Inna?"

"Ubanki mana. Ba shi ne babba ba? Koya mishi."

Na kwana biyu ina juya yadda zan fara. A gidanmu Baba ke koyarwa, mu mu saurara. Da na samu na faɗa, ya cire tabarau ya ce abin ba mai sauƙi ba ne. Shi ma'aikacin gwamnati ne. In doka ta ce ba a wa'azi a waje sai da izini, wa ya san ko karatu a bakin kabari wa'azi ne? Har ya je ya tambayi wani abokinsa a ma'aikatar magajin gari, mutumin ya ce shi dai ba a taɓa kawo masa irin wannan tambaya ba. Baba ya dawo ya ce ka gani, ba a sani ba, abin da ba a sani ba kuwa gara a bar shi.

Mama ta ce, "Malam, doka ce ke damunka ko mutanen?"

Ya juya tabarau a hannunsa. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, "Tun ina saurayi nake koya wa 'ya'yansu karatu. Ban taɓa buɗe baki a gabansu na faɗi abin da na gaskata ba, su ma ba su taɓa tambayata ba. Da haka muka zauna lafiya. Yanzu da abubuwa suka yi tsami za a ce in je ƙauyensu in tsaya a tsakiyarsu?"

Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. A majami'a ma da Faransanci Baba ke addu'a. Hausa ta kasuwa ce da gaisuwa da faɗa wa yara. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya fito da abin da ya saba ajiyewa a bayan katanga, ya faɗe shi a fili da harshen masu gari.

Gardama ba aikina ba ce, ban iya ba. Abin da na sani shi ne halin Baba: ba ya iya jin ana karatu bai gyara ba. Sai na riƙa zama kusa da shi bayan cin abinci, in ce, "Baba, saurara mini ko na iya." In fara daga godiya ga masu gina, in bi har ƙarshe. Ranar farko ya ce ina sauri. Ta biyu ya ce ina haɗiye ƙarshen magana, mutum na baya ba zai ji ba. Wata rana ya ce, "Ba haka ake tsayawa ba, numfasa a nan," ya faɗi jimlar da kansa don ya nuna mini. Da ya kai ƙarshe ya dube ni ta saman tabarau.

"Na san abin da kike yi."

Na sunkuyar da kai.

"Ban ce zan je ba," ya ce. "Sake daga farko."

Inna ta tambaye ni sau da yawa ko ya yarda. Ba na yi mata ƙarya, ina cewa bai ce ba tukuna. Sai ta ce, "Amma shina saurare?" In ce yana yi. Ta ce to ci gaba.

Da zafi ya shigo jikinta ya yi rauni, ƙanenta ya zo ya tafi da ita ƙauye, da kwallarta. Ban ƙara ganinta da rai ba. Wata safiya ina shirin tafiya jami'a ƙanen nata ya kira a waya. Ya ce ta cika da asuba, sun fara gina, za su jira mu har la'asar, fiye da haka zafi ba zai bari ba.

Na tafi lakwal ɗin Baba da ƙafa. Na same shi a aji yana riƙe wa wani malami da bai zo ba, alli a hannunsa. Na faɗa masa daga bakin ƙofa. Ya tsaya yana kallon allo. Sannan ya aje allin, ya wanke hannu a bokitin da ke bakin aji, ya kira mataimakinsa ya ba shi makullin ofis. Muka biya gida muka ɗauki Mama. A mota yana zaune gaba, ni da Mama a baya tsakanin buhuna. Har muka wuce Takanamat ban sani ba ko rakiya ya yi mana ko kuwa zai tsaya.

A ɗakin da aka kwantar da ita na tarar da matar ƙanenta da wasu tsofaffi biyu zaune, ba wadda ta taɓa ta. An ɗora ruwa, an daka magarya, an kuma fito da yadin daga kwalla. Matar ƙanen ta ce, "Ta ce a jira ɗiyar mushe." Na durƙusa na naɗe hannuna da ƙyalle. Na yi ta jiran tsoro ya zo, bai zo ba. Jikin nan na san shi, na san inda kafaɗarta ke ciwo, na san nauyin kanta a tafin hannuna. Abin da ya bambanta kawai shi ne ba ta ce na kashe ta ta biyu ba. Na miƙa wa matar ƙanen kwarya, tana zubawa ina wankewa, Mama na riƙe da zane. Da muka gama naɗewa ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce, "Ashe ku ma kuna yi kamar mutane." Mama ta ce, "Ita ta koya mana."

Muka kai ta bakin zaure. Maza suka karɓa suka ɗora a makara. Ta tsakanin zana na hango Baba tsaye gefe guda, da wandonsa na aiki da takalmi rufaffe, hannuwansa a baya kamar yana tsaron jarrabawa. Jakar da Littafi ke ciki tana wurina, bai karɓa ba. Na ɗauka ba zai je ba. Aka ɗaga makara aka fara tafiya. Ƙanen Inna ya juyo ya ce, "Mushe, bisimilla." Baba ya ɗan tsaya, sannan ya bi bayansu.

Abin da ya faru a gefen gonar ban gani ba. Ina cikin gida tare da mata, ana miƙo mini ruwa ana tambayata ko ina da miji. Na kasa kunne ko iska za ta kawo wani abu, ba ta kawo ba sai kukan jaki.

Da suka dawo, gwiwoyin wandon Baba sun yi ja da ƙasa, hannunsa ɗaya ya kurje wajen ɗaukar duwatsun da aka jera a kan kabarin. Wani magidanci na biye da shi yana ce masa mushe, ashe ya taɓa zama ajinsa a Tawa. Ƙanen Inna ya leƙo zaure ya kira ni.

"Ubanki ya yi magana," ya ce. "Bai ja ba, mun gode." Ya murza carbi. "Zancen fushin nan, ita ta ce a hwaɗa, ko shi ya ƙara?"

"Ita ta ce, Baba. Ta sha faɗa."

Ya gyaɗa kai, ya juya fuska wajen gona.

A hanyar dawowa motar ba kaya, muka zauna mu uku a baya. Mama ta jingina kai ta rufe ido. Mun yi nisa kafin Baba ya yi magana, bai dube ni ba.

"Na yi godiyar. Na faɗi saƙonta. Amma karatun na tsakiya ya ɓace mini. Na buɗe baki, ba kome. Sai na ce musu dai mu mun gaskata za ta tashi, kuma Wanda ta bi ba zai bar ta a nan ba. Iyakar abin da ya zo ke nan."

Na ce ai ya isa.

"Bai isa ba. Ba ita ce ta ƙarshe ba." Ya kakkaɓe ƙasar gwiwarsa, ba ta fita ba. "Yaya ma ya fara?"

Na matso kusa saboda ƙarar mota, na faɗi jimlar farko. Ya maimaita. Na faɗi ta biyu.